Yayata ta rasu cikin jego, ni ma ga haki da bugun zuciya sun same ni

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Maradi, shekarata 21, cikina na fari ne, ya shiga wata takwas. Kwanakin nan zuciyata na bugawa da sauri ko ina zaune. In na yi shara ko na ɗauki bokitin ruwa sai haki, ƙafafuna na kumbura da marece, in na kwanta rigingine sai jiri. Abin da ke hana ni barci shi ne, bara waccan yayata ta rasu bayan haihuwarta ta uku, ko arba'in ba ta cika ba. Jikinta ya kumbura, ba ta iya barci sai a zaune, tana tari duk dare. Aka ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu ba. Yanzu Inna ta ce a gida Tibiri zan yi wanka, kuma wannan karon ba wasa, ruwa sai ya tafasa, kunun kanwa safe da marece. Ina tsoron ciwon yayata ne ya kama ni, ina kuma tsoron saɓa wa Inna. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya jiƙan yayarki, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari. Ke kuma Allah ya sauke ki lafiya.

Abubuwan da kika lissafa a jikinki, yawancinsu irin na kowace mai tsohon ciki ne, kuma zan yi miki bayanin daga inda suke fitowa don hankalinki ya kwanta. Amma ba mai wanke zuciya daga wasiƙa, sai an ɗora abin awo a ƙirji an saurara. Saboda abin da ya sami yayarki, ina so ki je awo cikin wannan satin, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati.

Tun watannin farko, kafin ciki ya fito har mutane su fara yi miki sannu, jikinki ya soma tara jini. Zuwa wata na bakwai ko na takwas, jinin da ke yawo a jikin mai ciki ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, kusan lita ɗaya da rabi ke nan a kan wanda take da shi a da. Amfaninsa biyu ne. Mahaifa kaɗai, idan haihuwa ta kusa, tana shan fiye da rabin lita na jini a kowane minti don ciyar da ɗa. Sauran kuma ajiya ce ta ranar haihuwa, don mace na iya zubar da har rabin lita a haihuwar lafiya ba tare da ta jigata ba.

Duk wannan jinin zuciya ce ke tura shi. Kafin ciki tana tura wajen lita 5 a minti ɗaya idan kina hutawa, yanzu tana tura wajen lita 7. Tana yin haka ta hanyar cika fiye da da a kowane bugu, da kuma ƙara sauri: bugun mai ciki na ƙaruwa da 10 zuwa 20 a minti, wadda nata 75 ne sai ya koma wajen 90. Kin san injin ban-ruwa a lambunan Jiratawa idan aka ƙara masa fili: injin nan ne dai, lafiyarsa lau, amma ƙararsa ta ƙaru har na nesa yana ji. Bugun da kike ji a ƙirji da wuya idan dare ya yi tsit, galibi shi ne wannan.

Jijiyoyin jini kuma suna saki don su ɗauki ƙarin, shi ya sa awon hawan jinin mai ciki kan sauka a tsakiyar ciki, wata na huɗu zuwa na shida, sannan ya dawo daidai kusa da haihuwa. Wadda ta miƙe da sauri sai ta ga duhu-duhu. Haki ma yana da dalili. Sinadarin da ke riƙe ciki yana sa mace jan numfashi mai zurfi, ga mahaifa ta turo sama ta rage wa huhu wuri. Fiye da rabin masu ciki suna jin haka. Muddin kina iya gama aikinki a hankali, kina iya magana ba tare da yanke zance don neman iska ba, kuma in kin zauna ya lafa, wannan hakin na ciki ne.

Zancen kwanciya nake so ki fi riƙewa, don a nan ake rabe naki da na yayarki. Akwai babbar jijiya da ke maido da jini daga ƙafafu da ciki zuwa zuciya, tana bin gefen dama na ƙashin baya. Daga wata na biyar, in mai ciki ta kwanta rigingine, nauyin mahaifa na danne jijiyar nan, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai jiri da zufa da tashin zuciya. Da ta juya gefe, musamman hagu, shi ke nan ya wuce. Abin da kika faɗa ya yi kama da wannan, maganinsa kuma kwanciya a gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi. Na yayarki dabam ne. Wadda zuciyarta ta gaza, ruwa ne ke taruwa a huhunta. Ko ta juya dama ko hagu, muddin kanta na ƙasa iska ba ta isarta. Sai ta tara matasai biyu, uku, daga baya ta koma barci jingine da bango. Cikin tsakar dare ta farka firgigit kamar an shaƙe ta, ta nemi ƙofa, tana busasshen tari, wani lokaci kaki mai kumfa. Yau da dare ki gwada: ki kwanta a gefen hagu da matashi ɗaya. In barci ya ɗauke ki lafiya, alhamdu lillahi. In kuwa sai kin tashi zaune numfashi ke dawowa, kada gari ya waye miki a gida.

Kumburi ma haka ake duba shi. Ƙafar da ta kumbura da marece ta saɓe kafin safiya, nauyin ciki ne da tsayuwa. Amma a tashi da safe da kumburarriyar fuska, zobe ya ƙi fita daga yatsa, ga ciwon kai mai nacin gaske, ko gani dishi-dishi, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan alamar hawan jinin ciki ne, wanda ke kai wa ga jijjiga. Awon da ya kai 140 bisa 90 ba a raina shi, kuma mai cikin fari ta fi shiga haɗarinsa. Ƙafa ɗaya tak ta kumbura tana zafi tana ciwo, shi ma asibiti ne nan take, don jinin mai ciki da mai jego na saurin daskarewa a jijiya.

Abin da na fi zargi a kanki kuwa shi ne ƙarancin jini. Ruwan jini ya fi ƙwayoyinsa ƙaruwa a lokacin ciki, sai jinin ya tsinke. Idan aka haɗa da zazzaɓin cizon sauro, wanda kowa ya san yadda yake yi mana a Maradi daga damina zuwa kaka, da cimar da ba nama ba ƙwai, sai zuciya ta dinga gudu don ta rufe giɓin. Awon yawan jinin mai ciki da ya gaza 11 ƙaranci ne. Wannan yana da magani mai sauƙi: ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo a sha ta kullum ko da tana baƙanta bayan gida, Fansidar da ake haɗiya gaban malamar asibiti, gidan sauro kowane dare, hanta, wake, zogale, kifi. Shayi kuma a daina korawa da shi bayan abinci, yana hana jiki tsotsar abin da ke gina jini.

Idan kin shiga wurin awo, kada ki tsaya a "lafiya lau" in an tambaye ki. Mu mata mun iya wannan, a yi ta shan wahala a gida, a je gaban likita kunya ta hana magana. Ki ce musu ƙarara: "Yayata uwa ɗaya uba ɗaya ta rasu cikin jego da kumburi da haki." Wannan magana na canja yadda za a dube ki, domin ciwon zuciyar da nake zargin shi ya kama yayarki yakan bi jini a wasu gidaje, bincike ya gano kusan 15 cikin 100 na masu shi suna ɗauke da gadonsa. Ki nemi a auna hawan jini, a duba fitsari, a auna yawan jini, a ƙirga bugun zuciya a saurare ta. Bugun da ya wuce 100 kina zaune kin huta yana son bincike. Ki roƙi takardar da za ta kai ki babban asibiti wurin likitan zuciya a yi miki eko na zuciya, irin hoton da ake yi wa ciki, ba allura ba ciwo, kuma ba ya taɓa ɗa. In kina yarinya kin sha fama da ciwon maƙogwaro da ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi, ki faɗa, don wannan kan ƙuntata ƙofofin zuciya a ɓoye, ba ya nuna kansa sai ciki ya tsufa jini ya yi yawa.

Mutane na ganin in an sauka lafiya an gama. Ga zuciya kuwa, aiki mafi nauyi yana ranar haihuwa da kwanakin da ke biye. Kowace murɗawar naƙuda tana matso jini kusan kofi biyu, mililita 300 zuwa 500, daga mahaifa zuwa cikin jijiyoyi, ga ciwo ga yunƙuri. Da ɗa ya faɗo, nauyin da ya danne babbar jijiyar nan ya tashi, mahaifa ta tsuke ta maido da jininta gaba ɗaya, a 'yan mintoci aikin zuciya na iya hawa da kashi 60 zuwa 80 cikin 100 a kan yadda yake kafin naƙuda. Kwanaki na gaba ruwan da ya taru a ƙafafu da sauran jiki ya dinga komawa cikin jini, shi ya sa mai jego ke yawan fitsari da zufa. Sai an yi sati biyu abin ke sauka sosai, komawa daidai kuwa sai sati shida ko fiye. Lafiyayyar zuciya na ɗaukar wannan duka. Mai rauni a nan take faɗuwa. Don haka haihuwarki a asibiti za a yi ta, ba a ɗakin Inna ba, kuma ki kwana ɗaya cur bayan haihuwa kafin a sallame ki. Kada tsoron tiyata ya hana ki, yawancin masu ciwon zuciya ma da kansu suke haihuwa, ana dai sa musu ido ne.

Ban ga yayarki ba, hawan jini ko ciwon ƙoda ko ƙarancin jini mai tsanani duk suna kumbura mace. Amma siffar da kika bayar ta fi kama da raunin zuciya na lokacin haihuwa. Naman zuciyar ne ke saki ya kasa matsa jini, a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar na bayan haihuwa, ga macen da ba ta taɓa ciwon zuciya ba. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bi shi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka iske yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, kuma ya fi tsananta a watannin zafi da damina. A Sakkwato ma daga baya an samu adadi kusan haka. Su likitocin Zariya sun ɗora alhakin a kan kunun kanwa da ruwan zafi da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. A Yamai kuma, farkon shekarun 1990, aka gano masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari na abinci da ake kira seleniyom. Binciken Farfesa Karaye da abokan aikinsa a Kano ya sake samun wannan ƙarancin, kuma babban binciken da suka jagoranta a Najeriya ya nuna rama, da hawan jinin ciki, da rashin abin hannu sun fi alaƙa da ciwon, bai samu cewa wanka da kanwa ne ke haddasa shi ba.

Na kawo miki wannan duka ne don kada ki je ki ce wa Inna kanwa ce ta kashe ɗiyarta. Ba ki da hujjar faɗin haka, kuma za ki ɗora wa tsohuwa abin da ba za ta iya ɗauka ba har ta koma ga Allah. Amma kuma "ba ta gasu ba" ba gaskiya ba ne. Sanyi ba ya shiga jiki ya zama kumburi. Ruwan nan daga cikin jijiyoyi yake fitowa saboda zuciya ta kasa kwashe shi. Kuma ko da kanwa ba ita ke kawo ciwon ba, abu ɗaya ba likitan da ke musunsa: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. A daidai lokacin da jiki ke fafutukar zubar da ruwan ciki, a dinga ɗura masa kanwa safe da marece har kwana arba'in, ga tafasasshen ruwa da ke buɗe jijiyoyi ya sa zuciya gudu, wannan ƙarin kaya ne. Mai ƙarfin zuciya ta sha ta wuce, shi ya sa iyayenmu ke cewa ai mu mun sha ba abin da ya same mu. Wadda tata ta soma rauni ba ta sani ba, ita ce ke kumbura, sai a ce sanyi ne, a ƙara wuta a ƙara kanwa. Wannan ne abin da ke ƙona mini rai, domin ƙauna ce ke sa a yi shi. Ke da ke da yaya da ta tafi ta wannan hanya, hukuncina a kanki shi ne ba ke ba kunun kanwa.

Ki je Tibiri ki yi wankanki. Jegon gida alheri ne: hutu, abinci mai kyau, mai riƙe miki jariri ki runtsa, mai koya miki shayarwa. Inna kuma tsoro ne ke magana a bakinta. An ce mata sakaci aka yi da wankan ɗiyarta, ta yarda, tana ɗauke da wannan shekara biyu, ta yi alkawarin ba za a maimaita a kanki ba. In kika ce ba ki zuwa, ko kika tsaya gardama, za ta ji kamar kin ce ba ta iya riƙon ɗiya ba. Ki roƙe ta ta raka ki awon nan. Ki ce mata, "Inna, tsoro nake ji, ina so ki ji abin da likita zai ce da kunnenki." Kafin ku shiga ki sanar da malamar asibiti halin da ake ciki, ta faɗi zancen kanwa da bakinta. Abin da uwa ba za ta karɓa daga ɗiyar cikinta ba, takan karɓa daga mai farar riga. In akwai gwaggo ko wata dattijuwa da Inna ke jin maganarta, a biyo ta nan.

Kada kuma a karɓe mata komai a bar ta hannu rabbana. Wanka da ganyen ta yi miki, amma a sirka ruwan har ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta ciki. Kunu ta dama miki na gyaɗa ko na tsamiya, ta sa kayan yaji yadda take so. Gasasshen nama, farfesu, ƙwai, madara, duk ki ci, su ne ma jikinki ke nema, a dai sassauta gishiri da dunƙulen miya. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma a bar shi, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe uwa da jariri cikin barci.

Maigidanki ya san wannan zancen tun yanzu, ki karanta masa amsar nan. Ya ajiye kuɗin mota a gefe, ya riƙe lambar mai motar da zai fito ko ƙarfe biyun dare, ya kuma bar izini a hannun Inna cewa in abu ya taso a wuce da ke asibiti ba sai an nemo shi ba. Tibiri da Maradi ba nisa, jiran izini ne ke mai da shi nisa. Shi da Inna su haddace alamun nan: kasa kwanciya sai a zaune, farkawa da shaƙewa, tarin dare, kumburin da ke hawa daga ƙafa zuwa cinya da ciki, haki wurin ɗaukar jariri ko zuwa bayi, ciwon ƙirji, suma. Ko ɗaya aka gani, ranar za a tafi, ko ranar suna ce. Ko ba a ga komai ba, a koma awon bayan haihuwa a rana ta uku, da cikin sati na biyu, da wajen arba'in, a auna ki ke ma ba jariri kaɗai ba. Ki ci gaba da lura da kanki har wata biyar zuwa shida.

In ma an duba an ce zuciyar ta yi rauni, kada ki ɗauka an yanke miki hukunci. Akwai maganin da ke fitar da ruwa, da wanda ke sauƙaƙa wa zuciya aiki har ta farfaɗo, kuma mata da yawa da aka kama nasu da wuri sun warke cikin wata uku zuwa shida. Sharaɗin shi ne likita ya zaɓa, don wasu magungunan hawan jini da na zuciya suna lahanta ɗan da ke ciki. Kada ki sayi maganin kumburi wurin mai tebur, kada ki sha ragowar na maƙwabciya. A sha shi har likita ya ce a tsaya, ko kumburin ya saɓe. Wadda ta taɓa yin ciwon kuma ba ta sake ɗaukar ciki sai an maimaita eko an ga zuciyar ta dawo daidai, don in ba ta dawo ba ciki na gaba ya fi na baya haɗari. Wannan zancen tazara ku yi shi da likita ke da maigida kafin a sallame ki daga asibiti. In kuna da sauran 'yan'uwa mata da suka yi aure, su ma ki gaya musu su ambaci rasuwar yayarku duk ranar da suka fara zuwa awo.